Kitson Walima da Maganin Feshi

Duk shekara idan aka turo mini sababbin likitoci masu neman ƙwarewa, sai an sami ɗaya da zai ce ya zaɓi likitancin iyali ne don ya huta. Wai mu aikinmu bai wuce zazzaɓi da ciwon kai ba, in abu ya yi tsanani mu tura wa manya. Ba na musu da shi. Cewa nake ya jawo kujera, sannan in tambaye shi, ranar da ya waiwaya ya ga shi ne babban, birni kuma da nisa, wa zai tura wa? Yawanci daga nan nake samun filin ba da labari, abin da tsufa ya ƙara mini sonsa.

A zamaninmu, cikin shekarun tamanin, horon nan sabo ne, ko sunansa mutane ba su riƙe ba. Mahaifiyata har Allah ya karɓi ranta cewa take ɗanta likitan komai da komai ne, kuma ba ta yi ƙarya ba. Babban asibiti a birni ke ɗaukar ka, sai a yi ta zagayawa da kai sashe-sashe: ɗakin haihuwa, sashen yara, tiyata, masu ciwon ƙirji da ciki, ido da kunne, har masu taɓin hankali. Duk inda ka je baƙo ne kai. Da ka fara gane inda ake ajiye almakashi, sai a ce tattara ka yi gaba.

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin tiyata ba yanka ba ne, fasa kwalaben allura ne. Akwai wani nas, Malam Bala, shi ke sa marasa lafiya barci kafin a yi musu aiki. Ya miƙo mini ɗan zarto da akwatin wata allura da ake kira atrofin, 'yan kwalabe ƙanana kamar ɗan yatsan jariri. Ana yi wa mutum ita ne don yawu da majina su bushe, kada su shaƙe shi yana cikin barci. Sai ka goga zarton a wuyan kwalbar, ka ɓalle, ka zuƙe. Ni kuwa in na ɓalle sai ta tarwatse mini a hannu, har babban yatsana ya zama duk tsaga. Malam Bala ya yi ta dariya yana cewa, "Likita, mu dai marar lafiya ɗaya aka kawo mana, kada ka ƙara mana na biyu." Daga tsokana muka zama abokai, tare muke cin ƙosai a bayan ɗakin wankin kaya. A wurinsa na saba da kallon yadda allurar nan ke aiki: baki ya bushe, fata ta yi ɗumi, zuciya ta ƙara sauri.

A sashen yara kuma na koyi neman jijiya a hannun da bai fi kara kauri ba, da kintatar nauyin yaro da ido in sikeli ya lalace, kuma kullum a lalace yake. Ba wanda ya gaya mini ranar da waɗannan abubuwa za su haɗu wuri ɗaya.

Zango na ƙarshe shi ne karkara. Aka tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kura, ta wajen hanyar Bunkure, tsakiyar masu noman rani. Na sauka da rani tsakiya, na tarar ko'ina kore shar, ruwa na gudu a kanal, tumatir da albasa da alkama iya ganinka. Na ji daɗin wurin nan tun ranar farko, har yau kuma in na ji ƙanshin ganyen tumatir sai raina ya yi fari. Mutanen wurin ba sa zuwa asibiti ranar da layin ruwa ya zo kan gonarsu, ko da kuwa ƙafa ce ta kumbura. Washegari sai su cika baranda: mai tsargiya, wanda lauje ya yanka, mai zazzaɓin sauro, don sauron wurin bai san rani ba. In ka duba mutum ya ji sauƙi, gobe ka tarar da kwandon tumatir a ƙofar ɗakinka, ba ka san wanda ya ajiye ba. Na ci miyar tumatir a garin nan har na fara mafarkin miyar kuka.

Kayan aikina ba su da yawa. Abin awon ƙirji, tocila, sirinjin gilashi da muke dafawa a kan risho, da injin zuƙe majina wanda ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki. Sai Sista Hajara, babbar nas, wadda in ta ɗaga murya har direbobin bakin titi sai sun gyara tsayuwa. Maigidana a horon, Dakta Inuwa, daga birni yake zuwa sau ɗaya a mako cikin tsohuwar motarsa. Ya zauna in yi ta kawo masa labarin marasa lafiya, ina ƙawata bayani da manyan kalmomi, shi kuwa yana ɓare gyaɗa. In na gama sai ya ce, "To, wa ya rage a gida?" Nufinsa, ciwon da ya kawo mutum ɗaya asibiti ya bar wasu a gidan da ya fito, kuma su ma naka ne.

Shekarar ta zo da wuya. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, magani ya ɓace daga asibitocin gwamnati. Safar hannu wankewa muke mu shanya, mu barbaɗa mata hoda mu sake sawa. Kalmar da ɗakin magani ya fi bayarwa ita ce "babu". Cikin wannan hali aka kawo mini Zulai.

Da hantsi ne. Wata a-kori-kura shaƙe da kwandunan tumatir ta shigo har bakin baranda, direban, Ilu, yana ta danna ham. Aka sauko da yarinya 'yar kimanin shekara goma sha biyu, jiki ya saki, yawu na dalala, gumi ya jiƙa rigarta sharkaf. Mahaifinta na biye, Malam Ɗayyabu, mai makarantar allo a wani ƙauye kusa da kanal, wanda kuma yake noman tumatir kamar kowa. Tare da shi akwai yayarsa, Goggo Asabe, tana salati tana cewa iska ce ta taɓa yarinyar. Uwar ba ta biyo ba, don Zulai 'yar fari ce, kunya ba za ta bar ta ba.

Na sa abin awo a ƙirjinta, na ji kamar ana dafa fate, ko'ina ruwa. Zuciya na bugawa a hankali ƙwarai. Na haska ido da tocila, na ga baƙin tsakiyar ya tsuke ya koma kamar kan allura. Waɗannan alamu in suka haɗu abu ɗaya suke nunawa, gubar maganin feshi. Yadda take kisa kuwa, ruwan jikin mutum ne ke cika masa huhu har numfashi ya gagara. Maganinta atrofin ne, amma ba kwalba ɗaya ba, yi ake ana ƙarawa har ƙirji ya bushe.

Na ce da Sista ta kwaso duk atrofin ɗin da ke asibitin, ni kuma na sami jijiya na ɗaura ruwa. Ina aiki ina tambaya.

"Allah gafarta Malam, ta je gona ne? An yi feshi kusa da ita?"

Ya ce, "Ko kusa, Likita. Yarinyar nan ta sauke Alƙur'ani, walimarta muke shiri ranar Juma'a. Ko ƙofar gida ba ta leƙawa, tana ta tilawa."

"Ta sha wani abu? Ko an zuba mata ruwa a galan ɗin magani?"

"Maganin feshina a rumbu yake, a kulle."

Abin ya ɗaure mini kai, don in ba a san ta inda guba ke shiga ba, kana yin allura tana ƙara shiga. Sista Hajara ta zo gyara wa yarinyar kwanciya, ta zame mata ɗankwali. Wani wari ya buso, kamar kananzir da tafarnuwa. Ga kitso nan sabo, ƙanana reras, an yi shi da gwaninta, yana ta ƙyallin mai.

Sista ta juya ta dubi Goggo. "Baba, wa ya yi mata kitson nan?"

Goggo ta ce, "Ni mana. Duk ƙauyenmu wa ya kai ni? Jiya da yamma na yi mata."

"Me kika shafa mata?"

"Man shanu ne, sai ɗan maganin nan na tumatir da na ɗiga a ciki. Ƙwarƙwata ce ta dame ta, 'yar nan. A ce yarinya tana gaban malamai tana karatu tana susar kai? Na ga abin da ya kashe tsutsar tumatir ai ƙwarƙwata ba za ta gagare shi ba. A murfin kwalba na roƙo wajen maƙwabta, ɗan kaɗan ne."

Ta faɗa ne da zuciya ɗaya, irin ta wanda ya yi abin kirki. Sai da ta ga yadda muka dubi juna sannan ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa.

Na ce a kawo reza. Man ya riƙe maganin a gashi da fatar kai, tsefe kitson nan kuwa sai ya ci lokacin da ba mu da shi. Nan fa Goggo ta miƙe da ƙarfinta. "A aske wa mace kai, walima saura kwana nawa? Likita, ka ji tsoron Allah! A wanke mana, ni zan wanke da hannuna."

Malam Ɗayyabu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaya, gashi zai fito. A aske."

Sista ta sa safar hannu ta aske shi tas, ta wanke kan da sabulu ta sake wankewa, aka canza wa yarinyar kaya. Ni kuma ina gefe ina ta goga zarto ina ɓalle kwalabe, ina turawa ta jijiya, in saurari ƙirji, in ƙara. Wani ma'aikacinmu na taka injin zuƙe majina har ƙafarsa ta gaji ya canza ɗaya. A nan tambayar maigidana ta faɗo mini.

"Goggo, ita kaɗai kika yi wa?"

Ta ce, "Da ƙannenta biyu. Amma su shafawa kawai na yi, man ya kusa ƙarewa."

Malam ya fita da sauri ya sami mai babur ya tafi ɗauko su. Na dubi Goggon kanta, na ga goshinta na tsattsafo da gumi, tana ta haɗiyar yawu. Da hannunta ta cuɗa man, ta shafa shi a kai uku. Na ce ita ma sai an yi mata allura. Matar da ta gama yi mini faɗa sai ga ta tana ja da baya tana cewa ita tun da take ba a taɓa huda ta ba, a ba ta na sha. Sista Hajara ta ce, "Baba, juya." Ta juya.

Damuwata ita ce akwatin allurar. Abin da Sista ta tattaro daga ɗakin tiyatarmu da ɗakin haihuwa ya yi ƙasa, ƙirjin Zulai kuwa bai bushe ba. In na dakata kaɗan sai ruwan ya dawo. Ɗaukar ta zuwa birni a bayan mota, ba injin zuƙe majina, ban ga za ta kai ba. Na leƙa waje na ga Ilu direba na tsaye jikin motarsa, ya kasa tafiya, tumatir na shan rana. Na ce masa ya je babban asibiti a birni, ya nemi ɗakin tiyata, ya ce a kira masa Malam Bala mai sa barci. Na rubuta sunan allurar a 'yar takarda na ba shi.

Ilu ya ce, "In masu gadi suka hana ni shiga fa?"

Na ce, "Ka ce mai fasa kwalba ne ya aiko ka."

Ya dube ni kamar na zautu, amma ya ja mota.

Tsakanin tafiyarsa da dawowarsa na san tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Aka kawo ƙannen, muka wanke musu kai, muka kwantar da su muna lura, nasu da sauƙi. Malam ya zauna a bakin gadon Zulai yana jan carbi. Na koma jinkirta allurar, ina ba ta daidai abin da zai riƙe numfashi. Da aka yi kiran azahar kwalba biyu suka rage a cikin akwatin. Na fasa ɗaya. Ina riƙe da ta ƙarshen muka ji ham tun daga bakin titi.

Ilu ya shigo da gudu rungume da kwali. Ko kasuwa bai biya ba, ya je ya dawo da lodinsa, ruwan tumatir na ɗiga ta ƙarƙashin mota saboda gudun da ya yi a kan ramuka. Yana haki ya ce, "Mutumin ya ce a gaishe ka. Ya ce wai ka kula da yatsunka."

Na yi dariya har da ƙwalla. Muka ci gaba, ni da Sista, tana ɓallewa ina turawa. Wajen la'asar na sa abin awo na ji iska na shiga tana fita ba wani ƙara. Fatar ta bushe ta yi ɗumi, zuciya ta kama gudu, baƙin ido ya buɗe. Can sai Zulai ta motsa baki ta ce, "Ruwa." Goggo ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, Sista ta daka mata tsawa, sannan ita ma ta juya tana share ido da gefen mayafi.

Kada ku ɗauka an gama. Gubar nan tana laɓewa a jiki ta sake tasowa, don haka aka ci gaba da allura ana ragewa a hankali. Atrofin kuma in ya yi yawa yana sa surutai. Zulai ta yi ta zuba, tana kiran awakin gidansu, tana cewa a kore kaji daga kan gado. Goggo ta matso ta ce mini a hankali, "Ka gani ko, Likita? Na ce maka akwai iska a ciki." Na ce wannan iskar ni na sa ta, kuma ni zan cire ta.

Ana jibi walima Malam ya same ni a baranda. Ya ce an gayyaci malamai daga ƙauyuka, an daka gero, an sayi rago, ko za a ba shi ita ta je ta yi karatu a dawo da ita? Na ce, "Allah gafarta Malam, ba zan iya ba. In abin ya taso mata a can, kafin a iso nan an makara." Ya ɗaga kai ya kalli bishiyar mangwaron da ke tsakar asibitin. Sannan ya ce, "To in ita ba za ta je wurin walima ba, walima za ta iya zuwa wurinta?"

Wannan ya fi ƙarfina, ni ɗan koyo ne. Allah ya sa ranar Dakta Inuwa ya zo. Na kai masa maganar ina ta kame-kame, na ce ranka ya daɗe, na san ba a saba ba. Ya gama ɓare gyaɗarsa ya ce, "Tambaya ɗaya gare ni. An gayyace ni?"

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaron. Malamai suka zo da rawunansu, mata suka shigo da ƙoren waina da tukwanen miya. Tumatirin Ilu da ya faffashe, matan ƙauyen ne suka karɓe shi suka yanka suka shanya, wanda ya yi laushi sosai kuma shi aka zuba a miyar, Ilu na ta gaya wa kowa cewa miyar nan ta je birni ta dawo. Marasa lafiya masu iya tashi suka fito baranda, waɗanda ba sa iyawa aka buɗe musu tagogi. Goggo ta naɗa wa Zulai ɗankwali ta ɗora mata farin mayafi, ta yi naɗin da ba mai cewa babu gashi a ƙasa, tana yi tana hararata.

Sista ta riƙo Zulai a hankali ta zaunar da ita gaban mahaifinta. Aka miƙa mata allon zayyana, an rubuta Fatiha da farkon Baƙara, an kewaye su da ado ja da kore. Ta ɗaga allon, ta matso da shi, ta nisanta shi. Sai ta waiwayo ta ce mini da 'yar murya, "Likita, ba na ganin rubutun. Duk ya haɗe."

Na durƙusa na ce mata aikin allurar ne, yana hana ganin abu na kusa, zai washe nan da 'yan kwanaki. Malam ya ji mu. Ya ce, "Riƙe allonki, uwata. Ai ni zan biya miki, ki bi ni."

Haka al'adar take, malami ya karanta, ɗalibi ya maimaita. Malam Ɗayyabu ya yi bisimilla, ta maimaita. Ya karanta aya ta farko, ta bi shi, muryarta a dushe saboda bushewar maƙogwaro. Ya buɗe baki zai ja ta biyu, sai murya ta ƙi fita. Mutumin da bai girgiza ba ranar da ake aske kan 'yarsa tana kokawa da numfashi, yau ga shi ya ja gefen rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Malaman suka sunkuyar da kai, ba wanda ya karɓa.

Zulai ta ɗan jira shi. Da ta ga bai ɗago ba, sai ta gyara riƙon allon da ba ta gani, ta ci gaba ita kaɗai. Ta kai ƙarshen Fatiha, jama'a suka amsa da amin har daga cikin tagogi, ta shiga Baƙara ba tuntuɓe.

Kowa karatun yake saurare. Ni ina durƙushe a bayanta, abin da nake saurare shi ne numfashin da take ja tsakanin aya da aya. Tana ja yana shiga har ƙasa, yana fita fes.